Gidan da Ke Girma da Masu Shi: Nazari a kan Ginin Gayya a Ƙasar Keffi

Masu ba da tarihin Keffi suna cewa sunan garin daga kalmar "kafi" ya samo asali, wato shingen itatuwa da ake kakkafawa a kewaye mazauni don tsaron mutane da dukiyarsu. Abdu Zanga, Bafulatanin da ya taso daga ƙasar Katsina, shi ya kafa garin a wajajen shekarar 1800, garin ya kuma zauna a ƙarƙashin Zazzau. Kafi kuwa ba ya tsayuwa da hannun mutum ɗaya. Wani ya saro itace, wani ya haƙa rami, wani ya ɗaure, mata su kawo ruwa da abinci. Ke nan tun daga sunansa Keffi aikin gayya ne. Shi ya sa abin yake damuna idan na ga yadda mallakar ɗaki ɗaya a garin ta koma wahalar da kowa ke sha shi kaɗai.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A watan Disamba na 1991 gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, a 1996 aka yanke jihar Nasarawa daga Filato, a farkon shekarun 2000 aka buɗe jami'ar jiha a Keffi, ga kuma babban asibitin tarayya. Rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya koro dubban mutane zuwa Mararaba da Ado da Masaka, ambaliyar ta yi ta gangarowa a kan titi har ta iso Keffi. Gonaki suka koma fulotai. A Unguwar Lambu da sauran unguwannin da ɗalibai suka fi zama, abin da ake ginawa shi ne jerin ɗakunan haya, kowanne da banɗakinsa a ciki, an cinye filin kaf ba a bar ko wurin shanya ba. Mai ginin ba zai kwana a ciki ba, don haka lissafinsa ɗaya ne: ƙofa nawa za ta fito.

Kafin wannan zamani akwai wata hanya ta samun muhalli, kuma ina ganin ba mu yi mata adalci ba da muke kiran ta "ginin gargajiya" kawai, kamar maganar laka ce da jinka. Tsari ne cikakke, mai ƙafa biyu.

Ƙafa ta farko ita ce gini kaɗan-kaɗan. Magidanci ba ya jiran ya tara kuɗin gida sukutum. Yakan kewaye filinsa da danga ko katanga, ya ta da zaure da ɗaki ɗaya ko biyu, ya tare. In ɗa ya isa aure a yanka masa sashe, in baƙo ya daɗe a yi masa ɗaki kusa da ƙofar gida, in tsohuwa ta rasu ɗakinta ya koma na ajiya ko a bar shi ya zube a mayar da ƙasarsa cikin wani ginin. Gidan yana numfashi tare da iyalin. Babu ranar da za a ce an gama shi, babu kuma bashin da ya hau kan kowa.

Ƙafa ta biyu ita ce gayya. Bayan an kawar da amfanin gona, rani ya shigo, mai gini zai sanar da dangi da maƙwabta. A haƙo jar ƙasa, a kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta tsumu, a mulmula tubali a shanya. Magini shi ke da ilimin: shi ya san kaurin da gindin katanga zai yi da yadda za ta riƙa sirancewa tana hawa, shi ake biya. Sauran aikin ƙarfi na jama'a ne, ladansu tuwo da kunu da goro. Ranar ɗora rufi kuwa sai an taru, daga nan ne ma Bahaushe ya samo karin maganarsa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata su ke da daɓe, su jera suna bugun ƙasa da madaɓi har ta yi sulɓi. Ba Hausawa da Fulani kaɗai ke da wannan ba. Gwandara da Gade da Gbagyi da Yeskwa da ke kewaye da Keffi kowa da irin tasa gayyar.

A nan ne ya kamata a dakata, domin mutane da yawa suna ɗaukar gayya a matsayin kyauta. Ba kyauta ba ce. Rance ne na ƙarfi, wanda ba a rubutawa amma ba a mantawa. Wanda ka taya kwaɓa bana, shi zai taya ka baɗi, wanda kuma ya saba noƙewa, ranar tasa zai ga tuwonsa ya kwana. Wato al'umma ta ƙirƙiro wa kanta bankin bayar da lamunin gida tun kafin a san banki, jarinsa gumi ne, jinginarsa mutunci, kuma babu kuɗin ruwa. Duk wanda ya zuba guminsa a katangar maƙwabcinsa, yana da bakin magana in ya ga an toshe hanyar ruwa ko an ci lungu.

Shi kansa fasalin gidan na jama'a ne. Zaure ɗaki ne na mai gida amma amfaninsa na unguwa: nan ake karatun allo, nan ake ɗaurin aure da zaman makoki, nan ake sulhu, nan matafiyi ke kwana, nan tela ko baduku ke sana'a. Tsakar gida kuma ita ce masana'antar mata, inda ake surfe da daka da suyar ƙosai da ƙuli-ƙulin da ke riƙe da rabin cefanen gidan. Wanda ya zana wa talaka gida ya cire waɗannan biyu da sunan rage kuɗi, ya rage masa hanyar samun kuɗin ne.

Ba na cikin masu cewa komai na da alheri ne. Damina a Keffi ta fi ta Kano tsawo da ƙarfi, shi ya sa soron ƙasa bai taɓa zama da gindinsa a nan kamar can ba, jinka ta fi yawa, jinka kuwa ga gobara ga gara. Katangar laka tana son yaɓe kusan kowace shekara, in an yi sakaci sau biyu ruwa ya ci gindinta. Rabon gado yakan daddatsa babban gida har tsakar gidan ta koma lungu. Sannan gayya tana buƙatar mutanen da suka san za su daɗe tare. Ma'aikacin da ke fita da asuba zuwa Abuja ya dawo bayan isha'i, ko ɗalibin da zai yi shekara huɗu ya tafi, da wane lokaci zai biya rancen ƙarfi? Wannan ne ya kashe gayyar gini a cikin gari, ba lalacewar zukata ba kamar yadda ake yawan faɗa.

Abin da ya maye gurbinta bai kai ta ba. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, yana ba da rance a kan ruwa kashi 6, amma a aikace mai albashi da takardun fili ingantattu ne ya fi iya kusantarsa. Mai sayar da doya a kasuwar Keffi ko ɗan acaɓa ba sa cikin lissafi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, mafi ƙarancin albashi kuma a shekarar aka mayar da shi naira 70,000. Sakamakon yana nan a gefen kowace hanya: gine-ginen bulo da suka tsaya a linta, ciyawa ta fito a cikin falo. Mutane ba su daina gini kaɗan-kaɗan ba, sai dai yanzu suna bin zanen da ba a iya shiga sai an kammala shi.

Shi ya sa aikin da ake yi a Luvu Madaki, bayan Masaka a ƙaramar hukumar Karu, ya cancanci mutanen Keffi su je su gani da idonsu. Gidauniyar Millard Fuller ce ke gina gidaje a can, ƙarƙashin jagorancin masanin zanen gine-gine Samuel Odia. Sunan na wani Ba'amurke ne da ya kafa Habitat for Humanity a 1976, daga baya ya kafa cibiyar Fuller a 2005, bisa aƙidar cewa a gina wa mai ƙaramin ƙarfi gida ba riba ba ruwa, shi ma ya sa hannunsa a aikin. Duk wanda ya san gayya zai gane wannan magana ba sai an yi masa fassara ba. Dabarar Luvu ita ce a ba mutum ɗan gida cikakke da zai tare yau, wanda tun a zane an bar masa inda zai ƙara ɗaki gobe. A 2019 wata cibiyar nazarin kuɗin gidaje a Afirka da ke Johannesburg ta ambaci gidan wannan gidauniya, mai kimanin dala 8,000, a matsayin sabon gida mafi araha da wani magini mai zaman kansa ya fitar a nahiyar. Asusun Family Homes na gwamnatin tarayya ma ya zuba kuɗi aka faɗaɗa aikin.

A ganina Luvu ta dawo da ƙafa ta farko, ta kuma tabbatar cewa ƙungiyar da ba riba ta sa a gaba ba tana iya yin abin da 'yan kwangila suka ce ba ya yiwuwa. Ƙafa ta biyu ce mai wuya. Rukunin gidajen da baƙi daga jihohi goma suka saya ba ya zama unguwa ranar da aka raba makullai. Kuma gida mai ɗakin kwana ɗaya an auna shi ne da ƙaramin iyali. Magidancin cikin garin Keffi mai mata biyu da tsohuwa da almajirai a zaure, in an kawo masa wannan zane yadda yake, zai karɓa don ba shi da zaɓi, sannan ya kewaye shi da langa-langa don ya samo tsakar gidan da aka hana shi. Hassan Fathy na Masar, wanda ya fi kowa kishin ginin talaka, ya gamu da irin wannan a ƙauyen Gurna a shekarun 1940: ya gina gidajen laka masu kyau, yawancin mutanen da aka gina dominsu suka ƙi tarewa.

Akwai darasi kusa da mu. A Yamai, mai zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun kammala wasu gidaje shida a 2016 da suka kira Niamey 2000. Da tubalin jar ƙasa da inji ya matse suka gina, hawa biyu, a kan ƙaramin fili, kowane gida da tsakar gidansa da sirrinsa, suna koyi da cunkoson tsofaffin birane irin su Kano da Damagaram. Gaskiya ne masu matsakaicin ƙarfi aka yi wa su, ba talaka tilis ba. Amma sun karya zancen da ya fi cutar da mu, cewa ƙasa kayan ginin wanda ya rasa ne. Ƙasar Keffi ja ce mai kyau. In aka ɗora irin wannan tubali a kan harsashin dutse da siminti, aka yi rufin kwano mai dogon baki da zai kare bango daga feshin ruwa, an magance babban aibin laka, ɗakin kuma ya fi na bulo sanyi a watan Maris da Afrilu.

Saura fili, kuma nan ne gizo ke saƙa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, a aikace kuwa dillalai ke yanka farashi, suna auna shi da aljihun mutanen Abuja. Ba ƙungiyar da za ta gina gida mai araha a kan fuloti mai tsada. Amma kayan aikin suna hannunmu. Matan kasuwa suna adashi, direbobi da teloli da malaman makaranta suna da ƙungiyoyin da ke tara kuɗi duk wata, musulunci ya san waƙafi, coci-coci suna da filaye, masarauta da masu unguwanni suna da ta cewa a kan abin da ya rage na gonakin bayan gari. Mutum ashirin da suka riga suka san juna a sana'a za su iya sayen fili ɗaya da takarda ɗaya, su ɗauki mai zane ya zauna da su da matansu kafin ya ja layi, su haƙa rijiya ɗaya, su gina zaure ɗaya babba na kowa, su sayi injin matse tubali ɗaya. Wanda ke da Asabar ya kawo ƙarfinsa, wanda aiki ya riƙe a Abuja ya biya lebura a madadinsa, a rubuta a littafi. Kowa ya fara da ɗaki biyu da kewaye, a bar masa alamar inda na uku zai zauna.