Yarjejeniyar annoba ta 2025: samfuri yanzu, rigakafi sai an tattauna

A ranar 20 ga Mayun 2025 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba a Janeba, bayan sama da shekara uku ana jan-in-ja. An yi tafi sosai. Ni dai abin da na nema a cikinta guda ne: idan wata annobar ta ɓarke gobe, ƙasar da ta fara gano cutar ta sanar da duniya, me za ta samu?

Tambayar tana da tarihi. A 2007 Indunusiya ta daina tura samfurin ƙwayar murar tsuntsaye ta H5N1 ga WHO, tana cewa kamfanoni na haɗa rigakafi da samfurinta, su sa masa kuɗin da ba za ta iya biya ba. Rigimar ce ta haifar da tsarin 2011 na raba samfuri da amfaninsa, amma na mura kaɗai. A Nuwamban 2021 kuma masana a Botsuwana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in korona na Omicron, suka sanar cikin gaggawa. Tukuicin da suka samu shi ne rufe musu hanyar jiragen sama, kuma a Disamba Birtaniya ta haɗa da Najeriya.

Ga inda kimiyyar ta shigo. Da can sai an ɗauki ƙwayar cuta a kwalba an kai ta ɗakin gwaji a wata ƙasa. Yanzu abin da ake buƙata shi ne jerin haruffan ƙwayar halittarta. A Janairun 2020 aka saka na korona a intanet, cikin 'yan kwanaki kamfanin Moderna ya zana allurarsa ba tare da ya taɓa ƙwayar ba. To ku duba: bayanan suna fita cikin daƙiƙa, kuma in sun fita ba a dawo da su. Allura kuwa sai da masana'anta da kwangila da firji. Wanda ya bayar da nasa tun farko ba shi da sauran abin ciniki a hannu.

Sashe na 12 na yarjejeniyar ya yi ƙoƙarin gyara wannan. Kamfanin da ya shiga tsarin zai riƙa ware wa WHO kashi 20 cikin 100 na rigakafi da magunguna da kayan gwajin da yake samarwa lokacin annoba, aƙalla kashi 10 kyauta, sauran a farashi mai sauƙi. Gaskiya ci gaba ne, musamman sharaɗin cewa a bayar a daidai lokacin da ake samarwa. Mun ga illar jinkiri: a Disamban 2021 Najeriya ta lalata allurar AstraZeneca sama da miliyan ɗaya a Abuja, kyauta ce da ta iso dab da ƙarewar wa'adinta.

Amma kashi 20 ɗin na kamfanin da ya shiga ne. Yadda za a shiga, da abin da zai biyo baya in kamfani ya kwashi bayanai a intanet ya yi gaba abinsa, duk an bar su ga wata takardar ƙari da aka ce a tattauna daga baya. Ba a buɗe sa hannu sai an kammala ta, sannan sai ƙasashe 60 sun tabbatar da yarjejeniyar a gida kafin ta fara aiki. Wato dai ɓangaren da ya fi wuya shi aka ɗage. Amurka kuma, gidan Pfizer da Moderna, ba ta wurin ma, domin tun Janairun 2025 ta sanar da ficewa daga WHO.

Sashe na 11 ya fi ba ni haushi. Shi ne na koya wa ƙasashe masu tasowa fasahar haɗa rigakafi, sai aka ɗaure shi da sharaɗin "yadda ɓangarorin suka amince". Ai mai fasaha in ya ce bai amince ba, magana ta ƙare. Ga nahiyar da ke samar da kusan kashi 1 cikin 100 na rigakafin da take amfani da shi, wannan ya fi kowace kyauta muhimmanci.

Ana yawan kiran mu "masu rauni", kamar raunin halitta ne. Ma'aikaciyar jinya a Kano da takwararta a Landan jikinsu ɗaya ne a gaban ƙwayar cuta. Abin da ya bambanta su a 2021 shi ne gwamnatin da ta riga ta saye allurar tun kafin a fara zuba ta a kwalba. Yarjejeniyar ta roƙi ƙasashe su guji tara abin da ya wuce buƙatarsu, amma ba ta tanadi hukunci ga wadda ta tara ba.