Aro da Gwaninta a Cikin Ruwan Bagaja

A cikin 1933, sa'ad da Rupert East ya nemi a rubuto masa ƙagaggun labarai da Hausa, Abubakar Imam saurayi ne, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ba wanda ya san alƙalaminsa. Abin da ya aika Zariya shi ne Ruwan Bagaja.

Masu cewa akwai aro a littafin ba su yi ƙarya ba. Gamuwar Alhaji Imam da Malam Zurƙe gari bayan gari ta yi kama da tsarin Muƙamatul Hariri ƙwarai. Amma fa almajiran da suka karanta Muƙama a ƙasar Hausa ba su ƙidayuwa, ba kuwa wanda ya haifi Zurƙe a cikinsu. Abin da ya ɗaga sabon marubucin shi ne bakin mutanensa, watau habaici, da ba'a, da cika baki irin na kasuwa. Ginin labarin kam sako-sako ne.

Lalle kunnen East ya ji wannan, gama a 1936 ya ɗauko shi zuwa Zariya, ya tara masa littattafan Larabawa da na Turawa, aka sami Magana Jari Ce.