Masu Karanta Farantin Kuloci a Bompai

Kafin dattijon ya ɗauki sufana, hancinsa ya riga ya fara aiki. Wata tsohuwar DAF ce ta lallaɓo ta tsaya a bakin garejinsa da ke bayan masana'antun Bompai, direban ya diro yana ƙorafi: inji na ta kururuwa, amma mota ta ƙi ja. Bakaniken ya sunkuya ƙarƙashin kan motar, ya shaƙi ƙaurin da ke fitowa, sannan ya ɗago.

"Malam direba, daga ina ka fara jin wannan ƙauri?"

"Tun Hawan Kibo, Baba."

"Da kaya nawa?"

Direban ya sunkuyar da kai, dattijon kuma bai sake tambaya ba.

Inji in an tayar da shi ba ya daina juyawa, taya kuwa dole ta tsaya ta tashi. Kuloci ne mai shiga tsakaninsu. A bayan inji akwai wani ƙaton faifan ƙarfe, filawil. A jikinsa ake manna farantin kuloci, wanda aka yi wa fuska biyu da lainin mai kama ƙarfe, sai murfi mai sifirin ya danne shi da ƙarfin gaske. Direba na taka feda, boris ya sassauta wannan danniya, faranti ya saki, giya ta shiga. Yana ɗaga ƙafa, komai ya sake kamawa, ƙarfin inji ya wuce zuwa tayoyi. A manyan motocin Turai irin su DAF da MAN, faɗin farantin yakan kai milimita 430. Mack ta Amurka, wadda masu tanka suka daɗe suna ji da ita, faranti biyu take ɗauka a jere. Duk buhunan da ake lodawa a Dawanau, duk robobi da taliyar da ke fita daga Sharaɗa da Chalawa, a kan wannan faifai suke fara motsi.

Abin da ya fi burge ni a wurin waɗannan kanikawa shi ne ba sa gaggawar sauke giyabos. Aikin yini ne cur, ga nauyi, ga kuɗi, don haka sai sun tabbatar. Za a ja birki, a sa babbar giya, a saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu nan take, faranti na da sauran rai. Idan ya ci gaba da gurnani, to yana sulɓi. Wata motar kuma ba sulɓi take ba, giyarta ce ke ƙin shiga tana ƙara, kuma sau da yawa laifin ba a ciki yake ba: iska ce ta shiga bututun mai, ko na'urar da ke taimaka wa ƙafar direba da iskar tanki ta fara yoyo. Gwani zai gyara wannan cikin awa guda ya sallami mai mota. Wanda bai ƙware ba sai ya kwance rabin mota, ya sa a sayi sabon faranti, ciwon kuma yana nan.

In ya tabbata ciki ne, sai yara su shiga ƙasa. A cire farfela, a ɗaure giyabos da sarƙa, a ja shi baya kaɗan-kaɗan. Da faranti ya fito, maigida yakan riƙe shi a rana ya jima yana dubawa, kamar mai duba takarda. Lainin da ya cinye har kan ribiti ya bayyana, tsufa ne kawai. Wanda ya yi baƙi yana sheƙi, direba ne mai ɗora ƙafa a feda, ko mai tashi da babbar giya da kaya a baya. Idan akwai maiƙo, sil ɗin bayan inji ne ke zubar da mai, kuma in ba a canja shi ba sabon faranti ma ba zai daɗe ba. Idan gefe ɗaya ya fi cinyewa, murfin ne ba ya danna daidai. Sai ya shafa fuskar filawil da yatsa. Tabo mai shuɗi-shuɗi da ƙananan tsagu alamar zafi ne. In tsagun ba su yi zurfi ba, a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su share fuskar. In sun yi zurfi, ba ya yarda a mayar da shi ko mai mota ya roƙa, domin filawil da ya tarwatse a guje ba ƙaramin bala'i ba ne.

Wannan ilimi yana da tushe a garin nan na Kano. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta kafa kamfanonin haɗa manyan motoci: Fiat a Kano, a kan Titin Zariya, Steyr a Bauchi, Marsandi a Inugu, Leyland a Ibadan. A kan waɗannan motoci, da Marsandi 911 mai gajeren hanci, dattawan yau suka koyi sana'a suna yara. Yanzu Howo ta Sin ta cika hanya, amma tsofaffin ba su mutu ba, ko da yake wasu kayansu sun yi wuyar samu.

Nan ne sayen kaya ya zama fanni mai zaman kansa. Ba a zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa da sunan mota kawai, da tsohon farantin ake zuwa a hannu. A gwada faɗi, a ƙirga haƙoran tsakiya, a zura shi a sandar giya a ga ko yana tafiya sumul ba tare da girgiɗi ba. Akwai sabo na Sachs ko Valeo ga mai hali, akwai ɗan Beljiyam da aka ciro daga motar da ta gama aiki a Turai, akwai kuma jabu a kwali mai kyau. Bakanike yakan gane jabun daga rashin nauyi da laushin sifirin. In kuwa ƙarfen tsohon lafiya yake, sai a yi masa sabon lainin: a huda tsofaffin ribiti, a ɗora sabuwar fuska, a buga ribiti ɗaya bayan ɗaya, kowane kansa ya nutse ƙasa da lainin don kada ya karce filawil. Abu ɗaya ke damuna a wannan mataki. Tsofaffin lainin da yawa da asbestos aka yi su, ƙurarsu na lalata huhu bayan shekaru, yaran gareji kuwa da baki ko da iskar kwamfaresa suke hure ta. Jiƙaƙƙen tsumma da ƙyallen rufe hanci ba su da tsada, ina fata iyayen gida su tilasta su.

Wajen mayarwa, dattijon ya ɗauko wata tsohuwar sandar giya da ya yanke ya ajiye shekara da shekaru. Da ita yake saita faranti ya zauna tsakiya cif, don in ya goce ko kaɗan giyabos ba zai koma ba. Notin murfi ba a bin su a jere, sai an ɗaure wannan a tsallaka na gabansa, zagaye bayan zagaye. Giris ɗan kaɗan a haƙora, wanda ya yi yawa faranti zai fantsama wa. Boris kuwa sabo ya sa, ko da yake tsohon bai fara kuka ba, don kada a sake sauke giyabos saboda shi bayan wata biyu.

La'asar sakaliya direban ya hau, ya taka, giya ta faɗa ba ƙara. Dattijon ya dafa ƙofar motar yana goge hannu.

"Ɗana, in da kaya, ka tashi da ƙaramar giya. In ta kama, ka sauke ƙafarka ƙasa."

"To, Baba. Allah ya saka da alheri."

Motar ta mirgina ta nufi Titin Haɗeja, yaran kuma suka jingina tsohon murfin a bango, inda ake ajiye waɗanda sifirinsu zai yi wa wata mota amfani.