Gudumar da Ke Buɗe Bakin Yaron Mota

Tun kafin gari ya waye a Eleme, gefen Fatakwal inda matatar mai take tun 1965, tankoki sun jeru suna jiran lodi. Da yawa daga cikin direbobinsu mutanenmu ne, 'yan Kano da Gusau da Potiskum da abinci ya kai Kurmi. Tsofaffi a cikinsu suna da wata gwaninta da ta daɗe tana burge ni, ita ce iya sa yaron mota ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Abin da wuya. Yaron da aka raina a kan kada ya ɗaga ido gaban babba, ta yaya zai dubi maigidansa ya ce birki ya yi sanyi? Ga kunya, ga tsoron kada a ɗora masa laifin a zaftare kuɗin abincinsa. Alhali shi ke wanke motar, shi ke shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, babu wanda ya kai shi sanin jikinta.

Direban da ya san aiki da zagaye yake farawa. Ana idar da sallar asuba sai ya miƙa wa yaro guduma, shi kuma ya bi shi a baya. Yaro ya riƙa bubbuga tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Mai cikakkiyar iska tana amsawa da ƙarfi, guduma ta yi tsalle ta dawo. Wadda ta sace kuwa sai ta yi lub, kamar an bugi buhun dusa. Tayoyin baya bibbiyu suke, ta waje takan rufa wa ta ciki asiri, don haka ido kaɗai ba ya isa. Daga nan a dubi notuna: in tsatsa ta ja layi daga gindin noti, ya fara kwancewa ke nan. Sai a durƙusa wurin tukunyar iska, wato tulun ƙarfen da ke tara iskar da birkin manyan motoci ke aiki da ita, a ja ɗan bawul na ƙasa, ruwan da ya taru ya tsiyaye. Ƙasar nan ta damshi ce, ruwa ba ya jimawa ya taru. A ƙarshe a kashe inji, a danne birki, kowa ya yi tsit. In iska na yoyo, kunne zai kama ta.

Duk wannan maigida zai iya yinsa shi kaɗai cikin ɗan lokaci, amma da gangan yake bar wa yaro. Kuma ba za ka ji ya ce "Lafiya dai ko?" ba, don ya san Bahaushe ko yana cikin wane hali amsarsa "lafiya lau" ce. Sai ya ce, "Ɗana, cikin tayoyin nan wacce ce muryarta ba ta kwanta maka ba?" Tambayar da kanta ta nuna ana sa ran samun matsala, saboda haka yaro bai kawo mugun labari ba, amsa kawai ya bayar.

In ya ce, "Maigida, ta ciki ta hagu," sai maigida ya karɓi guduma ya buga da hannunsa. Idan haka ne, a sa waigi a fito da jak, ko da layin lodi zai wuce su, kuma rasa layi a daffo na iya cin yini guda. Idan yaron ne ya yi kuskure, sai ya ji "Madalla da ka faɗa," a sake buga masa tayoyi biyu a jere har kunnensa ya rarrabe. Sannan maigida ya kira mai mota a gaban yaron ya ce, "Alhaji, ni na tsayar da ita." Faɗan da zai biyo baya shi zai sha. Yabon kuwa sai sun zauna a teburin mai shayi zai yi shi, inda sauran yara za su ji.

Akwai kuma direban da ke kwance a gaban mota yana danna waya, ya leƙo ya ce "An gama?", in an kawo masa magana ya daka tsawa. Tsawa ɗaya ta ishi yaro ya koyi yin shiru har ranar da zai bar motar.

Dattawan nan ba sa mance abin da hanya ta nuna musu. A Yulin 2012 tanka ta kife a Okobie ta jihar Ribas, mutum fiye da 100 suka rasu. A Oktoban 2019 wata ta faɗi a Upper Iweka cikin Anacha, mai ya bi kwata, wuta ta bi shi har kasuwar Ochanja. Daga Maris na 2025 hukuma ta hana lodin tankoki masu cin lita 60,000, kuma ta kyauta, sai dai yoyon iska da asuba kunnen yaro ne ke jinsa. Shi ya sa da dare, a ƙofar masallacin tasha, za ka ji tsohon direba yana ba da labarin ranar da shi kansa ya raina wata 'yar ƙara ta kusa kai shi lahira. Yaron da ya ji babba ya faɗi nasa kuskuren ba ya jin nauyin faɗin abin da ya gani.

A kan hanya ma haka abin yake. Wanda ya taso daga Anacha zai shiga Inugu, sai ya sauka gangaren Ugwu Onyeama, gangaren da direbobi ke ambato da addu'a. Kafin a soma sauka maigida yakan ratse gefe. Yaro ya dira, ya bi ƙafafun motar yana kusantar da bayan hannunsa ga kowane gangan birki, ba tare da ya taɓa ba. Ya dawo ya ce, "Maigida, na dama ya fi zafi." Ba a watsa masa ruwa, don ƙarfe mai zafi yana iya tsagewa. Maigida ya kashe inji, ya ce a sa waigi, ya ɗauko buta, su jira ya huce.