Masu miƙa waya daga akwati zuwa akwati

Akwatin Wi-Fi ɗaya ba ya cika babban gini. Asibiti ko jami'a ko filin jirgin sama sai an jera masa akwatuna da yawa, kowanne da iyakar inda ƙarfinsa yake kaiwa. Likitan da ya taso daga ɗakin tiyata zuwa hawa na uku yana magana ta intanet, wayarsa tana sakin wannan akwati tana kama wancan, shi kuwa bai sani ba. In ba a ji shi yana "Halo? Kana ji na?" a kan matakala ba, to akwai injiniyan da ya yi gumi a wurin.

Lokacin da aka ba injiniyan nan ɗan ƙanƙane ne. Muryar mai kira ana yanka ta ƙunshi-ƙunshi, galibi ƙunshi ɗaya duk milisakan 20, wato sau 50 a sakan guda. In biyu ko uku suka salwanta, kunne ba zai kula ba. Shi ya sa masu sana'ar suke neman a gama sauyin cikin milisakan 50. Ƙiftawar ido ma ta fi haka daɗewa.

A tsohon tsari, waya sai ta ga sabis ya yi rauni sannan ta tashi neman wani akwatin. Kowane akwati yana shelar kansa duk milisakan 102.4, kuma a zangon 2.4 GHz kaɗai akwai tashoshi 13 a yawancin ƙasashe. Wayar da za ta tsaya ta saurari kowace tasha ta ɓata fiye da sakan guda, kuma duk tsawon neman nan ba ta aika murya. A 2003 Arunesh Mishra da Minho Shin da William Arbaugh na Jami'ar Maryland a Amurka suka auna abin, suka gano cewa neman ne yake cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na jinkirin. Wannan awo ya nuna wa kowa inda gizo ke saƙar.

Maganin da aka fito da shi yana burge ni saboda sauƙinsa. Ƙa'idar IEEE 802.11k ta 2008 ta ba akwati damar miƙa wa waya jerin maƙwabtansa tun tana zaune lafiya: ga wane a tasha ta 1, ga wane a ta 11. Da lokacin tashi ya yi, ba ta bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, biyu ko uku kawai za ta leƙa.

Sai kuma shingen tsaro. A manyan ma'aikatu kowace waya sai ta tabbatar da ko ita wace ce ga wata kwamfuta da ke can cikin ofis, a yi ta kai da komowar saƙonni kafin a ba ta makulli. Wannan kan ci ɗaruruwan milisakan, kuma a da ana maimaita shi a kowane sabon akwati. 802.11r, ita ma ta 2008, ta ce a yi tantancewar sau ɗaya, a ciro ƙananan makullai daga babban makullin, kowane akwati ya samu nasa. Saƙonni huɗu sun isa sauyi, tsaron kuma bai ragu ba.

Amma ƙa'ida a takarda take. Inda ake gane gwani shi ne wajen yanke shawarar yaushe za a tashi. Wayar da ta cika garaje za ta saki reshe ta kama ganye, ko ta tsaya a tsakiyar akwatuna biyu tana tsalle nan da can, kowane tsalle da asararsa. Wadda ta cika nawa kuma za ta manne wa akwatin da ta baro a ƙasan bene har kiran ya yanke. Kamfanin Apple ya bayyana ma'aunin iPhone: ba ta fara nema sai ƙarfin sabis ya sauka zuwa -70 dBm, kuma in tana cikin aika bayanai ba ta komawa sabon akwati sai ya ɗara tsohon da 8 dB. A Wi-Fi waya ce ke yanke hukunci, don haka injiniya ba shi da ikon tilasta mata. Abin da yake yi shi ne shirya mata hanya.

Za ka gan shi da kwamfutar tafi-da-gidanka a hannu yana bin baranda a hankali, ya shiga lif, ya tsaya bayan ƙofar ƙarfe, yana duba inda lambar ta faɗi. Yana so a bakin iyakar kowane akwati a sami wajen -67 dBm, kuma yankunan su ɗan hau juna. Sau da yawa gyaran da zai yi shi ne rage ƙarfin akwati, abin da mai gini ba ya son ji, tunda a ganinsa kuɗinsa ya sayi ƙarfi. Alhali akwati mai tsawa shi ke riƙe waya har ta wuce inda ya kamata ta sauya.

A layin salula lamarin ya juya: waya tana kai rahoton abin da take ji, ƙarfen sabis ne ke ba da umarnin tashi. Amos Joel na Bell Labs ya sami haƙƙin mallakar dabarar miƙa kira tun 1972. Matsalar ita ce umarnin kan iso a daidai lokacin da sabis ya fi rauni. A jirgin ƙasan Beijing zuwa Shanghai mai gudun kilomita 350 a awa, waya tana cin kusan mita 97 duk sakan. A 2020 ƙungiyar 3GPP ta shigo da sauyi mai sharaɗi: a ba waya umarnin tun da wuri, ta aiwatar da kanta idan sharaɗin ya cika.

Shugaban makaranta ko asibitin da zai ba da kwangilar Wi-Fi, kada ya tsaya kan yawan akwatuna. Ya tambaya ko an kunna 802.11k da 802.11r, sannan kafin ya sa hannu a takardar biya, ya kira wani ta WhatsApp ya zaga ginin da ƙafarsa, daga bakin get har hawa na ƙarshe.