Rabuwar Ɗa da Mahaifiya a Cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa

1.0 Gabatarwa

Manazarta da dama sun ɗauki bauta da ƙaddara a matsayin manyan jigogin littafin Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933, aka buga shi a 1934, lokacin yana malami a Makarantar Midil ta Bauchi. Wannan maƙala ba ta musanta hakan ba. Abin da take son dubawa shi ne yadda marubucin ya sarrafa rabuwar yaro da mahaifiyarsa a zamanin hare-hare, da kuma irin saduwar da ya ba su daga baya.

2.0 Rabuwa

Labarin ya buɗe a Rauta, kusa da Bauchi, inda almajirai suka tambayi Shaihu asalinsa. Ya ce shi mutumin Kagara ne, maraya, kuma mahaifiyarsa ta auri Makau, wanda mahassada suka yi wa ƙazafin ɓoye bayi bayan an dawo daga hari, aka kore shi. Abin lura a nan shi ne, gidan da yaron ya tashi a ciki da harin bayi yake ci. Makau ya raba 'ya'yan wasu da iyayensu kafin a raba agolansa da uwarsa. Marubucin bai tsaya ya nuna wannan da yatsa ba, kuma rashin tsayawar ya ƙara wa labarin ƙarfi.

Daga nan yaron ya yi ta sauya hannu: ɓarawo ya sace shi, wasu suka tsince shi, mahara suka kwashe shi zuwa Kano, har Balarabe Abdulkarim ya wuce da shi Ber Kufa, ya riƙe shi tamkar ɗan cikinsa.

3.0 Saduwa

A nan ne aikin yake. Umar ne mai ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, amma kaso mai yawa na abin da yake faɗa bai gani da idonsa ba, ko kuwa ya faru yana ƙarami ƙwarai, lokacin da ba a riƙe abu. Ina ya san makircin fadawan Kagara? Ina ya san yadda uwarsa ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka sayar da ita, ta ƙetare hamada tana baiwa? Wasu na iya ganin wannan a matsayin rauni a zubin littafin. Sai dai akwai wata fahimtar: wanda aka raba da iyayensa tun yana goye ba shi da tarihin kansa sai wanda aka ba shi, kuma babu mai ba Umar nasa in ba mahaifiyarsa ba. Ke nan saduwar nan, duk da gajartarta, ita ce mafarin labarin da ake ji a Rauta.

Amma gajartar ta yi yawa. Uwar ta ga ɗanta, ba ta daɗe ba ta rasu. Hanya ɗaya suka bi ta hamada, ta mai da ɗa shaihi, ta ƙarar da uwa, kuma littafin ya lulluɓe bambancin da mayafin ƙaddara. Haka nan Abdulkarim, mai sayen mutane, ya fita da sunan uban kirki. Mutuwar uwar ta hutar da marubucin daga tambaya mafi wuya: yaya wanda ya girma cikin Larabawa zai zauna da uwar da bai sani ba? A Jiki Magayi na John Tafida da East, Kyauta ya zama ɓarawo ya kashe ubansa bai san shi ba. 

Tarihi ya yi wannan tambaya a fili bayan rasuwar marubucin a Janairun 1966. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 an kwashe dubban yara daga Biyafara a jiragen sama zuwa Gabon da Kwaddibuwa da Sao Tome. Da aka fara mayar da su a ƙarshen 1970, da taimakon hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sai da aka yi aikin neman danginsu, domin waɗanda suka tafi suna ƙanana ba duka ne suka san sunan uba ko ƙauye ba. Wahalarsu ta gaske ta soma ne a daidai inda littafin ya ajiye tasa.

Fassarar Mervyn Hiskett ta 1967, da wasan kwaikwayon Umaru Ladan da Dexter Lyndersay na 1975, da fim ɗin Adamu Halilu na 1976 da aka gyara aka nuna a Balin a 2018, duk sun gaji wannan gurbi, kuma kwatanta yadda kowannensu ya bi da shi aiki ne da ke jiran manazarta.