Gora, Homa da Awa Guda a Matan Fada

Duk wanda ya san bikin kamun kifi na Argungu a hoto kawai, abu ɗaya ya gani: ruwa ya koma launin kunu, kawunan mutane sun rufe shi kamar an shanya gero a tabarma, goruna na ta yawo, komaye sun ɗaga sama. Daga nan sai ya yanke cewa rububi ne, kowa ya faɗa, mai rabo ya fito da kifi. Rabo kam akwai shi, ba mai ja da wannan. Sai dai a Matan Fada, inda ake gasar, rabon ya fi son bin mutanen da suka tashi a bakin gulbi, 'yan Argungu da Augie da ƙauyukan fadama, waɗanda suka iya iyo tun kafin su iya ɗaura wando. Abin da suke yi a cikin awa gudan da ake ba su sana'a ce, su ne na gaske, kuma ni dai ban san wata sana'ar hannu da ta fi ta ban sha'awa ba.

Lokacin ma ba da ka aka zaɓe shi ba. Ana yin bikin ne tsakanin ƙarshen Fabrairu da Maris, bayan an kai amfanin gona gida, sanyin hunturu ya fara sakin jiki. Da damina gulbin Kabi kan cika ya malala cikin fadama, kifi ya bi ruwan ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, ya ci ya ƙoshi. Idan rani ya kama, ruwa ya janye, sai kifin ya dawo ya taru a gurabe masu zurfi. Matan Fada ɗaya ne daga cikin irin waɗannan gurabe, kuma an haramta su a cikinsa sai ranar da aka buɗe shi. Kafin mutum ya jiƙa ƙafa, kenan, an riga an yi rabin aikin: an bar ruwan ya huta.

Ranar buɗewa masunta kan yi sahu nesa kaɗan da gaɓa, dubbai, kowa riƙe da kayansa. Da an harba bindiga sai gudu, ƙura ta turnuƙe, kafin ka ƙifta ido gulbin ya cika. Ba jirgi mai inji, ba taru, ba birgi. Gora da homa da hannu, shi ke nan.

Gorar nan ita ce abin da baƙo ya fi rainawa, alhali ita ce jirgin masunci, ita ce kuma rumbunsa. Ƙatuwar ƙwarya ce mai kumburarren ciki, wadda aka bari ta nuna sosai ta bushe, aka fafe ta, aka bar mata baki guda a sama. Masunci kan kifa cikinsa a kanta ya rufe bakin da jikinsa, ƙafafu na tuƙi a baya, hannuwa biyu a sake. Ka gan shi yana tafiya a kan ruwa shar, kamar mai kishingiɗa a tabarma, sai ka ɗauka wasa ne. Gwada ka gani. Abu ne mai zagaye da santsi, ba ya son zama wuri ɗaya. Ka ɗan karkata dama ya sulluɓe ta hagu, bakin ya buɗe, ruwa ya shiga, kai da gorar ku yi ƙasa tare. Gwani ya san daidai inda cibiyarsa za ta zauna, ya san yadda nauyin ke sauyawa duk lokacin da ya jefa kifi a ciki, har ya riƙa gyara kwanciya ba tare da ya sani ba. In zai nutse ya sake ta, ya taso ya tarar da abarsa a tsakiyar ɗaruruwan goruna masu kama ɗaya. Wasu kan shiga bibbiyu, wa da ƙane ko uba da ɗa, ɗaya na tsare da gora ɗaya na aikin koma.

Homa kuwa tagwaye ce. Koma ce mai zurfin aljihu da aka ɗaura a jikin lanƙwasassun sanduna, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu. Idan masunci ya ware su sai ka ce fikafikan babban tsuntsu. Yakan nutsa da su a buɗe, ya bi ƙasan ruwa yana shara, da ya ji motsi sai ya haɗa bakinsu gam, kamar mai tafi. Faɗar ta fi yin sauƙi. Koma in ta jiƙe nauyi gare ta, ruwa na turo ta baya, ga numfashi na ƙarewa. Ka yi gaggawar rufewa ka kama laka, ka yi jinkirin ƙiftawar ido kifi ya wuce ta tsakanin ƙafafunka. Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma, kuma a nan maganar ba karin magana ba ce kawai: kifin da ya kai girman da ake nema ya tsallake komaye da yawa kafin ya kai haka.

A ƙarƙashin ruwan nan ido ba ya aiki. Minti kaɗan bayan an shiga, laka ta tashi, ko tafin hannunka ba ka gani. Masunci da tafin ƙafa yake gani, da ƙauri, da yatsu. Ya san bambancin yashi da taɓo, ya san inda gaɓa ta rufta ta bar kogo, inda saiwar itace ta yi wa kifi ɗaki. Lalube kenan, kuma a nan ake gane ɗan gado. Ya taɓa abu a cikin duhu, a take ya san ko mene ne, domin kowane kifi da yadda ake kama shi. Tarwaɗa santsi ne da ita kamar an shafe ta da kuɓewa, ka riƙe ta a tsakiya ta zille, sai an danne ta a bayan kai, a kuma kiyayi ƙayoyin da ke gefenta. Ƙurungu in ya ji hannu sai ya miƙe ƙayoyinsa ya kulle su, ya soki wanda ya damƙe shi da garaje. Minjirya ba ta da ƙaya ko ɗaya, lumus take, amma tana sakin wuta irin ta lantarki da ke kashe hannu har kafaɗa. Tsage kuma haƙora ne a waje, masu kaifin aska. Yaron masunta duk ya sha waɗannan tun yana ƙarami, a ruwa iya gwiwa, uban na tsaye yana cewa kama ta nan, kar ka kama ta can.

Akwai wani abu da na daɗe ban lura da shi ba, wanda ya sauya mini yadda nake kallon taron baki ɗaya: cunkoson kansa kayan aiki ne. Makaɗa na bin ruwan a cikin kwalekwale suna kiɗa, ana kaɗa goruna masu tsakuwa a ciki, dubban ƙafafu na dama laka. Kifi ya rasa inda zai sa kansa. Tarwaɗa ba ta damu sosai ba, domin Allah ya yi mata abin shaƙar iska kai tsaye, tana iya zama a taɓo. Giwan ruwa ba haka yake ba. Kifi ne mai son ruwa garau mai wadatar iska, in aka dagula masa wuri sai ya galabaita, ya bar zurfi yana neman sarari. Masuncin da ya san wannan ba ya ƙarar da ƙarfinsa a mintocin farko yana rige-rige da jama'a. Yakan nufi inda ya san babba zai ɓullo, ya kwanta a kan gorarsa, ya jira.

In babban ya shigo homa, sai kokawa. Giwan ruwa na iya kusantar mita biyu a tsawo, kuma jikinsa tsoka ce zalla. Ƙayoyin gadon bayansa masu tsini ne, marfin da ke gefen kansa, wanda yake buɗewa yana rufewa in yana numfashi, yana da kaifin da zai tsaga tafin hannu. Bugu ɗaya da wutsiya ya isa ya fitar da numfashin ƙato. Ba a ɗaga irin wannan kifi da ƙarfin tuwo. Nannaɗe shi ake yi a cikin koma, a rungume shi ta inda ba zai yanka ba, a bar shi ya yi ta fizga har ya gaji, sannan a zura igiya ta ƙarƙashin marfin ta fito ta baki. Duk wannan a ruwan da ƙafa ba ta taɓa ƙasa, mutane na turereniya ta ko'ina. Sai an ga an doshi gaɓa da shi, 'yan'uwa sun kewaye suna tallafawa, sannan ihu ke tashi daga rumfuna.

A gaban sarki da manyan baƙi ake ɗora kifi a sikeli. Kifin da ya ci gasar 2005 ya kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi. A 2020, da aka dawo da bikin bayan ya yi kimanin shekara goma ba a yi ba, na ɗaya ya kai kilo 78, mai shi ya tafi da kuɗi da mota da kujerar Makka. Kyauta in ta yi tsoka haka dole ta ja mai son banza. A 2008 an karɓe kambun daga hannun wanda aka fara bai wa, bayan da aka gano kifinsa mai kilo kusan 66 ya daɗe da mutuwa, daga wani wuri aka kawo shi. Masunta 'yan'uwansa ne suka fara cewa ba su yarda ba. Mutumin da ya shekara talatin yana buɗe kan kifi ya san jan sabon kamu, ya san na kwana.

Sama da kowa a wannan rana akwai Sarkin Ruwa, da Homa, shugaban masuntan Argungu, wanda sarautarsa ma sunan komar take ɗauke da shi. Su ke tsare haramcin su a Matan Fada, su ke duba lafiyar ruwan, ba a shiga sai sun ba da izini. Mutanen gari za su gaya maka cewa Sarkin Ruwa na yi wa kadoji magana su kauce har a gama. Kowa da yadda yake ɗaukar wannan zance. Abin da ba a musu a kansa shi ne gadon gidan: sanin inda kada ke kwana, da lokacin da ruwa ya yi daidai, da kwarjinin da zai hana mai iyali jefa koma a gurbin da ya san cike yake da kifi. A ganina wannan na ƙarshe ya fi kama giwan ruwa wuya.

Al'adar ta girmi bikin da nisa. Kabawa, jikokin mutanen Kanta na Surame, sun daɗe suna gyaran ruwa da fashin ruwa, wato tsarkake gulbi da buɗe shi ga masunta a farkon lokacin su. Bayan Birnin Kabi ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, sarautar Kabi ta koma Argungu, aka kuma shafe mafi yawan ƙarnin ana gwabzawa da Sakkwato da Gwandu. Shi ya sa zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934 ya zama babban al'amari. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da abin da Kabawa suka fi kowa iyawa, ya sa aka yi masa su na gani na faɗa. Daga wannan tarba bikin na yanzu ya samo asali, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

Wanda ke son ganin inda ake ƙera gwanayen, kar ya jira ranar ƙarshe, ya je kallon kabanci. A nan ake tseren kwalekwale, da iyo a kan gora, da gasar nutso, da kamun kifi da hannu zalla, da kamun agwagwar ruwa. Wannan na ƙarshe dariya yake ba 'yan kallo, amma duba da kyau: agwagwa ta fi mutum sauri a ruwa, tana nutsewa ta ɓullo inda ba a zata ba, don haka mai kama ta sai ya iya tafiya a ƙarƙashin ruwa shiru, ya karanci inda za ta taso. Dabarar da zai kama agwagwa da ita yau, da ita zai tari giwan ruwa gobe. Kowane wasa a kabanci wani yanki ne na sana'ar aka ware aka mayar da shi gasa, yara na gani suna kwaikwayo.

Abin da ke damuna shi ne ruwan kansa. Tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978, aka bi da ta Goronyo, ambaliyar da ke shayar da fadamar Argungu ba ta zuwa yadda ta saba, ga yashi na cike gurabe, ga injinan ban ruwa na masu shinkafa suna zuƙa dare da rana. A 2006 sai da aka hana shiga kamun kifin saboda ƙarancin ruwa. Masu shinkafar nan ba baƙi ba ne, sau da yawa su ne masuntan, da damina da rani suna gona, ranar biki su ɗauko homa. Fadama ɗaya ce ke ciyar da shinkafar da kifin, kuma in ba ta cika ta malala ba, ba inda kifi zai yi ƙwai.

Da awa ta cika ake ba da alamar tashi. Masunta su fito jikinsu duk laka, wasu da yanka a hannu, mafi yawa ba su kusanci sikeli ba. A bakin gaɓa kowa ke juye gorarsa, tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu na ta tsalle a ƙasa, masu saye sun kewaye ana ciniki, mata sun hura wutar suya da banda. Wanda ya gamu da wani ya ce masa, sarkin ruwa, an fito lafiya? Sai a wanke homa a shanya, a duba inda ta yage don a ɗinke, a ɗora gora a ka a kama hanyar gida. Kafin magariba laka ta fara kwantawa a Matan Fada, an kuma rufe shi sai biki na gaba.